DAGA ZAURE: Bango Ma Yana Da Mai Shi

 

Makonni uku da suka wuce, mun fito daga sallar asuba ke nan sai muka tarar da cincirindo a bakin makarantar allo ta unguwarmu a nan Ankara. An kama wani yaro, bai wuce shekara 17 ba, da gwangwanin fenti irin na feshi a hannu. Bangon da aka tara kuɗi sidi-sidi aka yi wa fenti kafin azumi, a kansa ya rubuta sunan majalisarsu ta samari, wadda suke kira "bes", da manyan baƙaƙe jajaye. Wasu suka ce a kai shi ga 'yan sanda, wasu har sun fara neman dorina. Sai dattijon da ke kula da makarantar ya ce kowa ya dakata. Ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗana, wa ka yi wa sallama kafin ka taɓa bangon nan?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban yi wa kowa ba." Dattijo ya ce, "To, laifinka ke nan. Hannunka kuwa yana da kyau."

Tun ranar nake juya maganar nan a raina. Ina ganin tsohon ya raba gardamar da manyan biranen duniya suka daɗe suna yi: shin rubutu da zane a bangon titi fasaha ne, ko kuwa ɓarna?

Wannan rubutun feshi dai ba a zangunanmu aka ƙirƙiro shi ba. Ya yi ƙarfi ne a biranen Filadelfiya da New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda samari ke rubuta laƙabinsu a bangaye da jikin jiragen ƙasa. A 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani saurayi mai sa hannu da sunan TAKI 183, lambar kuwa ta titin gidansu ce. Daga nan abu ya bazu. Hukumar jiragen ta yi shekaru tana kankarewa suna sake rubutawa, sai a 1989 ta sanar cewa ta tsabtace taragunta. Amma a 2021 an yi gwanjon wani zane na Banksy, mai zanen bango na Ingila, aka saye shi fam miliyan 18 da ɗoriya. Sana'a ɗaya ce, wani ta kai shi kotu, wani ta kai shi banki.

Kada kuma wani ya ce ƙawata bango baƙon abu ne gare mu. Duk wanda ya taɓa zuwa ganin gida a Zariya, ko Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya ga yadda magina ke yi wa fuskar zaure ado. Su zana dagi, su zana takobi, da zamani ya zo har keke da mota da jirgin sama suka shiga cikin zanen. A nan Gana ma, matan Sirigu da ke can arewa sun shahara da zana bangon ɗakunansu da jan launi da baƙi da fari, duk daga ƙasa da duwatsu. Babu wanda ya taɓa kiran waɗannan maɓarnata. Dalili? Maigida ne ya kira magini, suka yi jinga, ya yi aikinsa da rana tsaka, kowa na gani.

Haka abin yake a birnin nan namu. A 2011 aka fara bikin Chale Wote a Jamestown, bikin da masu zane ke cika bangaye da launi a lokacinsa, baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe daban-daban. A Nima wasu masu zane sun kafa ƙungiya suka sa mata suna Nima Muhinmanchi Art, wato da kalmarmu ta "muhimmanci" suka raɗa mata suna, suna koya wa yara zane. Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, ɗan Nima ne, kuma zanen bango ya kai shi ƙasashen waje. Wanda ya bi ta gadar Ako Adjei a tiro-tiro ya ga zanen da aka yi a can da yardar hukuma. Gwangwanin da suka riƙe, irinsa ne aka kama yaronmu da shi. Sallama ce ta bambanta su.

To amma bari mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu manya. In ɓata bango laifi ne, yara ba su kai mu ba. Zaɓen Disambar 2024 ya wuce, amma hotunan 'yan takara, wanda ya ci da wanda ya faɗi, sun daɗe manne a jikin gidajen mutane, wani kan wani, babu wanda ya dawo ya ɓamɓare. Masu maganin basir da masu neman kai 'yan aiki ƙasashen Larabawa suna rubuta lambar waya da gawayi ko fenti a duk bangon da suka samu. Mu kanmu masu gidaje mukan rubuta "kada a yi fitsari a nan, tara sidi kaza", ko "gidan nan ba na sayarwa ba ne", da rubutu kamar kaza ta yi tono. Wa ya taɓa ɗaukar wa waɗannan dorina? Sai yaron da ba shi da gata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba wanke yaron nake yi ba. Bango dukiya ce. Galan ɗin fenti ba arha yake ba, kuma a cikin waɗanda suka ba da gudunmawar fentin makarantar nan har da gwauruwa mai sayar da koko da ƙosai. Dokar laifuffuka ta ƙasar nan ta 1960, a sashe na 172, ta haramta lalata dukiyar wani da gangan, ba ta kuma tambayar ko zanen ya yi kyau. Ya ku samari, takardar 'yan sanda in ta hau kan mutum, ba ta kankaruwa kamar fenti.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a tsallake ba. Malamai da yawa ba su yarda da zana abu mai rai ba, saboda haka bangon masallaci da na makaranta ba wurin zana fuskar mawaƙi ko ɗan ƙwallo ba ne. Ayoyin Alƙur'ani kuma ba a rubuta su a bangon bakin kwata inda awaki ke goga jiki. Amma tsakanin wannan da wancan akwai fili mai faɗi. Ku tuna zayyanar allo ta ranar sauka, da aikin wuyan babbar riga, da zanen hula. Yaro mai hannu ba zai rasa abin zanawa ba.

Shawarata ga sarakunan zango da wakilanmu a majalisar gari ita ce, kowace unguwa ta ware bango ɗaya ko biyu, da yardar masu su. Saurayin da ke son zane ya kawo shi a takarda a gani tukuna. Masu shaguna kuma, maimakon su kai aikin allon talla nesa, su gwada yaran gida. Sharaɗin nan na sallama ya hau kan kowa, har da masu manna hotunan siyasa.

Yaronmu dai bai kwana a hannun 'yan sanda ba. Da kuɗin wankin mota ya sayo fenti, ya mayar da bangon yadda ya same shi, ya je gaban malam ya ba da haƙuri. Kwana biyu bayan haka mai kokon nan ta kira shi ta ce, "Zo nan ɗana, tunda hannun na ƙaiƙayi, ga rumfata." Ya rubuta sunan sana'arta, ya zagaye shi da dagi shuɗi da rawaya. Ta biya shi, ta haɗa masa da ƙosai. Yanzu tela da mai aski ma suna kan layi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.