Sunan cuta: magani ne ko wani ciwon?

Sau da yawa majinyaci yakan fito daga gidan likita, a Maraɗi ko Damagaram, da takardar magani rubuce da Faransanci, amma in dangi suka tambaye shi abin da aka gani, sai ya ce ba a gaya masa ba. Wasu likitoci na ganin yin shiru tausayi ne. Shin haka ne?

A shekarar 1987 wani likita a Ingila, K. B. Thomas, ya bayyana sakamakon gwajin da ya yi da mutum 200 masu ƙananan ciwuka waɗanda awo bai nuna musabbabinsu ba. Rabinsu ya faɗa musu sunan cuta kai tsaye, ya tabbatar musu za su samu sauƙi cikin ƴan kwanaki. Sauran kuwa ya ce musu ba shi da tabbacin abin da ke damun su. Bayan sati biyu, kashi 64 cikin 100 na rukunin farko sun ji sauƙi, na biyu kuwa kashi 39 kaɗai. Abin mamaki, ba da ƙwaya ko hana ta bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Bakin likita ne ya yi aiki.

Sai dai kada a yi garaje. Waɗannan ciwuka ne masu wucewa da kansu, kuma sunan ya zo tare da albishir. Can a birnin Hamilton na ƙasar Kanada, wani bincike na 1978 ya bi ma'aikatan masana'antar ƙarfe da aka auna aka sanar da su suna da hawan jini. Waɗanda a da ba su sani ba, fashin aikinsu saboda rashin lafiya ya ƙaru sosai. Jiya mutum garau yake jin kansa, yau kalma ɗaya ta mayar da shi majinyaci.

Ke nan suna tsirara, babu bayani, yana iya zama kaya. Amma ɓoye shi ya fi haɗari a cututtukan da ke buƙatar haƙuri. Mai tarin fuka wata shidda zai yi yana shan magani. Tari yakan lafa tun makonnin farko, kuma wanda bai san abin da yake yaƙa ba, nan yake ajiye ƙwayoyi ya koma gona. Daga baya cutar ta dawo, wani lokaci ma ba ta jin maganin farko, ga iyali sun shaƙa.

Abin da ke ƙaranci a ɗakin duba marasa lafiya shi ne mintuna uku na Hausa: ga sunan cutar, ga yadda take tafiya, ga ranar dawowa. Layi na da tsawo, gaskiya ne, likitoci kuma kaɗan ne. Amma wanda ya fita ba bayani yakan faɗa hannun mai tallar magani a bakin kasuwa, shi kuwa bai taɓa rasa sunan da zai laƙaba wa ciwo ba.