ADON BIKIN AURE A ƘASAR INDIYA LOKACIN SANYI

Cikin wasiƙun da su ka iso wannan fili tun shigowar hunturu akwai guda uku masu tambaya iri ɗaya. Masu su sun ce sun sha ganin bikin auren mutanen Indiya a majigi, furanni rataye ko'ina, fitilu ba iyaka, amarya cikin jan tufafi, suna so a bayyana musu yadda a ke tsara wannan ado, da dalilin da ya sa galibi da sanyi a ke yinsa. Ɗayansu, wani malamin makaranta, ya ƙara da cewa ƙawayen 'yarsa sun matsa sai an keɓe rana guda cikin bikinta an yi shigar Indiya. To, ga abin da ya sawwaƙa. Abin da na ke so ku riƙe tun daga farko shi ne, kowane abu cikin adon nan da dalilinsa, ko na lokaci, ko na addini, ko na abin da ƙasarsu ke fitarwa.

Mu fara da lokaci. A arewacin Indiya, tun daga Afrilu har Yuni, zafi ya kan wuce digiri 40, fure ba ya yini bai yanƙwane ba, abinci kuwa ya lalace kafin a gama rabo. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi. Ban da wannan, mabiya addinin Hindu suna da wata huɗu da su ke kira Chaturmas, waɗanda ba su ɗaura aure a ciki, domin a addininsu suna cewa abin bautarsu Vishnu yana barci. Waɗannan watanni su kan ƙare wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, sa'an nan a buɗe ƙofar aure. A arewa a kan sake dakatawa daga tsakiyar Disamba zuwa wajen 14 ga Janairu, kana a ci gaba. Ranar auren kuma malaman taurarinsu ke zaɓa, ranakun da su ke yarda da su kuwa kaɗan ne, shi ya sa a birni kamar Delhi a kan ɗaura aure dubbai a dare guda. Wanda bai kama mai rumfa da mai fure tun da wuri ba, sai ya biya abin da su ka yanka masa.

Uwar adon duka fure ne, sarkin furannin kuwa shi ne wanda su ke kira genda, mai launin ruwan ɗorawa da ruwan goro. Abin mamaki, asalinsa daga ƙasar Meziko ne, sai bayan Turawan Fotugal sun fara zuwa Indiya a 1498 ya iso, amma yau ya zama ɗan gida. Ya fi yin kyau da sanyi, yana da araha har a kan sayar da shi bisa sikeli, ba ya kuma saurin mutuwa bayan an tsinke shi. A kan shirya shi a zare kamar tsakiya, a rataya jere-jere daga rufin rumfa har ƙasa, ya zama labule. Mai son ganin yawansa sai ya tafi kasuwar fure ta Mullick Ghat a Kalkata, gindin gadar Howrah, ko ta Ghazipur a Delhi, tun da asuba. A kan haɗa shi da jan wardi, a kudu kuwa da farin yasmin na Madurai, wanda mata ke kitsawa cikin gashi saboda ƙanshinsa.

Tsakiyar wurin biki akwai rumfar aure, wadda su ke kira mandap. Ginshiƙanta huɗu ne, bisanta an shimfiɗa yadi ko furanni, a tsakiyarta an hura wuta cikin kasko. A bakin ƙofa a kan rataya ganyen mangwaro, a kudu da Bengal a kafa itacen ayaba dama da hagu, a ajiye tulun tagulla cike da ruwa da kwakwa a bakinsa, a zana ƙasa da garin shinkafa ko garin launi. Wutar nan ita ce shaidar aure a wurinsu. Ango da amarya su kan yi taku bakwai a gabanta, har dokar auren Hindu ta 1955 ta ce, inda a ke bin wannan al'ada, aure ya ɗauru ne da taku na bakwai. Saboda haka gwanin ado ba ya cika rumfar da kaya. Ya kan bar ta buɗe ta kowane gefe domin jama'a su gani, ya bar wa hayaƙi hanyar fita, ya nisantar da labule daga harshen wuta.

Bikin ya kan ɗauki kwana uku ko fiye, kowace rana da launinta. Ranar da a ke shafa wa ango da amarya gangamau, komai rawaya ne, tun daga furanni har tufafin 'yan'uwa, kuma da hantsi a ke yi a tsakar gida domin a sha rana, a kan tabarma da ƙananan kujeru. Ranar ƙunshi kore ne da launuka masu haske, da matasan kai barbaje bisa darduma, da lilo da a ka naɗe da fure inda amarya ke zama. Wannan rana ba baƙuwarmu ba ce, gama lallen nan namu ne su ke sawa, mafi shahararsa kuwa daga garin Sojat na jihar Rajasthan ya ke fitowa. Daren kiɗa da rawa a kan yi shi da shuɗi mai duhu ko shunayya da ƙananan madubai, domin su kama hasken fitila. Ranar aure ja ne da zinariya. Farin tufafi a wurin yawancin Hindu na arewa na takaba ne, amma a jihar Kerala amarya ta kan sa fari mai bakin zinariya, watau kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

A arewa galibi da dare a ke ɗaura auren, wani lokaci har bayan tsakar dare, ga shi a Disamba da Janairu sanyin Delhi ya kan sauka ƙasa da digiri 10, da hazo mai laima wanda ke hana jirage tashi. Don haka rabin adon bikin sanyi maganin sanyi ne. A kan rufe gefen tanti da yadi mai kauri, a shimfiɗa darduma bisa ciyawa saboda raɓa, a jera kaskon gawayi ko murhun gas tsakanin kujeru, a ajiye mayafan ulu cikin kwando a bakin ƙofa, kowane baƙo ya ɗauka. Lokacin ne amarya ke iya sa karan-miski mai surfanin zinariya, da alharinin Banaras, wanda yawancin masaƙansa Musulmi ne, abin da ba ta iya ɗauka da bazara. Ango ya kan yafa mayafin Kashmir na gashin awakin tsaunukan Ladakh. Hatta abinci yana cikin tsarin: shayi cikin ƙoƙon yumɓu, da madara mai zafi da za'afaran, da alewar karas da a ke dafawa nan gaban baƙi.

Tun da dare ya kan yi da wuri, fitila ta zama abokiyar fure. A kan jera ƙananan acibalbal na yumɓu a gefen hanya da matakala, a sa waɗansu su yi iyo cikin manyan kwanonin tagulla tare da ganyen wardi, a naɗe itatuwa da ƙananan ƙwayayen lantarki. Ango ya kan zo bisa farar goɗiya, fuskarsa lulluɓe da igiyoyin fure, masu kiɗa na gaba, waɗansu ma'aikata kuwa suna ɗauke da fitilu dama da hagu. A Punjab 'yan'uwan amarya maza su kan rako ta suna riƙe da mayafi bisa kanta, ko na fure ko na ɗinkin hannu da su ke kira phulkari.

Kada malamai su zaci Indiyawa duka haka su ke yi. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin ƙasar sun kai miliyan 172. Su ba su da rumfar wuta. A Lucknow da Hyderabad da sauran wurare a kan ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki, a rataya labulen fure tsakanin maza da mata, sa'an nan a yi walima. A Kashmir a kan zauna mutum huɗu-huɗu a kan farantin tagulla guda, cikin kayan amarya kuma a kan sa ƙaramin kaskon jin ɗumi mai kwando da a ka ƙawata. Mabiya addinin Sikh kuwa da safe su ke ɗaura nasu a ɗakin ibadarsu, ba su cika ado a ciki ba.

A zamanin nan masu hali sun shiga yayin ba biki salo guda. Wani ya ce nasa na sarauta ne, ya kama tsohuwar fada a Jaipur ko Udaipur ko Jodhpur. A fadar Umaid Bhawan ta Jodhpur a ka yi auren 'yar wasan nan Priyanka Chopra a Disamba 2018. Fadar kuwa Sarki Umaid Singh ya fara ta a 1929 domin talakawan da fari ya hana noma su sami aikin yi, a ka gama a 1943. Wani ya ce nasa na ƙauye ne, da tukwane da gadajen igiya. Tun da wata 'yar wasa, Anushka Sharma, ta yi aure a Italiya a Disamba 2017 cikin tufafi ruwan hoda, amare da yawa sun bar ja sun koma launi mai sanyi. Yayi dai ba ya zama wuri ɗaya, amma gendar nan da acibalbal suna nan inda su ke.

Yanzu ga abin da majigi ba ya nunawa. Yadi, da busasshen ganye, da wayar lantarki, da wuta, in su ka haɗu a rumfa guda, sai tsarewar Allah. Ran 23 ga Disamba 1995, a garin Dabwali na jihar Haryana, tantin yadin roba ya kama wuta a wani zauren biki da wata makaranta ta ara don rabon kyaututtuka, mafita ta yi kaɗan, fiye da mutum 400 su ka halaka, yara ne da yawansu. Ran 23 ga Janairu 2004, a Srirangam ta jihar Tamil Nadu, rumfar ganye da a ka kafa a bisa bene ta kama ana tsakiyar ɗaurin aure, matakala kuwa ƙunci gare ta, fiye da mutum 50 su ka rasu, har da angon. Duk mai kafa rumfa, a can ko a nan, ya bar ƙofa biyu a buɗe, ya sa gwani ya ja waya, ya ajiye ruwa da yashi kusa. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, tsada. A al'adar Hindu iyayen amarya ke ɗaukar yawancin nauyin biki, su kuma ba gidan ango dukiya, saɓanin sadakin da Musulunci ya ɗora wa namiji. Gwamnatinsu ta haramta wannan dukiya tun 1961, amma al'adar ba ta mutu ba, har lissafin hukuma na 2022 ya nuna mata fiye da 6,000 sun rasa rai a dalilinta. A 2017 gwamnatin Jammu da Kashmir ta wancan lokaci ta yanka iyaka, baƙi 500 a auren 'ya mace, 400 a na ɗa namiji. Daga 1 ga Yuli 2022 kuma an hana amfani da faranta da cokulan roba na yar da wa, da farin soson nan da a ke yanka ado da shi. Ashe su kansu masu abin sun ga ya wuce gona da iri.

To, malam mai tambaya, ga shawarata. Mutanenmu sun fi shekara 60 suna kallon majigin Indiya, ba abin mamaki ba ne yara su yi sha'awa. Amma Ba'indiye ya rataya genda ne don ita ke da araha a kasuwarsu da sanyi, mu kuwa in mun nace sai ita, na roba za mu saya da tsada, ga shi kayan aro ba ya rufe katara. Rumfar wuta da taku bakwai ibadarsu ce, a bar musu abinsu. Abin da ya cancanci koyi shi ne hankalin da ke ciki: a yi ado da abin da ƙasa ke bayarwa a lokacinsa, a ba kowace rana launi guda don kada a yi ta sayen tarkace, a tuna da tsofaffin da za su zauna cikin iskar hunturu, a kiyaye wuta, kada kuma uba ya ci bashin shekara don dare ɗaya. Lalle muna da shi, da saƙi, da rinin Ƙofar Mata, da faifai da ƙorai, da turaren wuta. In 'yan mata sun yi ƙunshinsu bisa darduma cikin tufafi launi ɗaya, da fitilu kewaye, sun sami abin da su ke nema, aljihunka kuma bai huje ba.

Masu karatu da su ka zauna Indiya don karatu ko fatauci, su ka halarci irin wannan biki, muna roƙo su rubuto mana yadda talakawan ƙauye ke yin nasu, domin jama'a su ƙaru. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya rufa wa iyaye asiri, amin.