WAI SAMARINMU BA SU DA AƘIDA!

Ya ku jama'ar kasuwa, masu rumfa da masu tebur da 'yan koli, akwai wata magana da manyan 'yan siyasa su ke ta yaɗawa tun bayan zaɓen 2023, wadda lalle sai mun tanka. Wai samarin yanzu ba su da aƙida. Wai yau suna nan, gobe suna can, ba su san jam'iyyar ubanninsu ba. Har cikin dattawanmu akwai masu gyaɗa kai in an faɗi haka. To, mu ba mu yarda ba.

Gaskiya ne ra'ayin samari a gauraye ya ke. Ku ɗauki yaron shago a Kantin Kwari. In kun yi masa zancen addini, sai ku iske ya fi ubansa tsanani. In kun koma kan ciniki, yana so a bar iyaka a buɗe, don bai manta wuyar da aka sha ba sa'ad da aka rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, yana so a kawar da masu tare hanya suna karɓar na goro, Gwamnati ta cire hannunta daga cinikinsa. Amma shi ɗin dai yana so Gwamnatin nan ta riƙe kuɗin mai da na taki, ta ba da ilmi kyauta. Zai tuɓe takalmi ya faɗi ya gai da sarki, amma ba ya son a aiko masa daga fada da sunan wanda zai zaɓa. Masu dogon karatu, waɗanda su ka haddace cewa a Turai siyasa hannun dama ce da hannun hagu, sai su rasa kwandon da za su sa yaron nan, sai su ce ya ruɗe. Haba! Wanda ya ke kwana da yunwa ya tashi da salla, dole ra'ayinsa ya ɗauko daga nan ya ɗauko daga can.

Ku duba yadda wannan ya fito a akwati. An yi zaɓen Shugaban Ƙasa ran 25 ga Fabrairu 2023, aka yi na gwamnoni ran 18 ga Maris, mako uku tsakani. A Katsina, jihar Buhari kansa, Atiku Abubakar na PDP ya ci zaɓen farko da ƙyar, sa'an nan Dikko Raɗɗa na APC ya ci na gwamna da rata mai yawa. Haka aka yi a Sakkwato da Kaduna da Yobe: Atiku a sama, gwamnan APC a ƙasa. A Zamfara sai aka juya: Tinubu ya ci, bayan mako uku aka ka da gwamna mai ci, Bello Matawalle na APC, aka sa Dauda Lawal na PDP. A Ikko, Peter Obi ya ka da Tinubu a gidansa, amma gwamnan APC ya koma kujerarsa. A Kano, inda Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 1.9 a 2015, ɗan takarar jam'iyyarsa ya tashi da 517,341 a 2023, Kwankwaso kuwa ya sami 997,279. Ba mu ce samari kaɗai su ka yi wannan ba. Amma cikin mutum miliyan 93 da ke rajistar Hukumar Zaɓe a 2023, miliyan 37 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kusan huɗu cikin kowane goma. Ba yadda za a yi akwati ya juya haka ba da hannunsu ba.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. Wanda ya auni gero a rumfar nan, ya wuce ya sayi manja a waccan don ya fi kyau, ba ku ce da shi mahaukaci. Ku kan ce ya san ciniki. Mai rumfar da aka wuce ne kaɗai ke zagi.

Kuma wa ke da bakin zancen aƙida? Atiku ya bar PDP ya shiga AC, ya koma PDP, ya tafi APC a 2014, ya sake komawa PDP a 2017. Kwankwaso ya bar PDP a 2013, ya koma a 2018, ya fita zuwa NNPP a 2022. Obi ya taso daga APGA ya bi ta PDP ya sauka LP a 2022. Matawalle ya hau gwamna a PDP, ya haye APC a 2021 da kujerar a hannunsa. In babba ya sauya riga, a ce dabara ce. In yaro ya sauya ƙuri'a, a ce ba shi da tarbiyya. Ai sai dai a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya kamata ya hana mu barci dabam ne. Cikin miliyan 93 ɗin nan, waɗanda su ka fita zaɓen Shugaban Ƙasa ba su cika miliyan 25 ba, wato ƙasa da 27 cikin ɗari. Tinubu ya hau da ƙuri'a miliyan 8.8, abin da bai kai rubu'in samarin da ke rajista ba. Saurayin da ya duba jam'iyyu ya ga kowace ta ɗauki rabin zuciyarsa ta bar rabi, sau da yawa sai ya ce duk ɗaya ne, ya yi zamansa a gida. Ga shi kuma a wancan lokacin an canza takardun Naira, mutum ba ya samun ko kuɗin mota. Wanda ya zauna, ya bar fili ga wanda aka ba taliya da sabulu, da kuma ɗan jagaliyar da aka ɗirka wa ƙwaya aka ba shi gora.

Fushin da bai shiga akwati ba kuwa, titi ya ke fita. An cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, abinci ya yi tsada, a watan Agusta 2024 samari su ka fito. A Kano da Kaduna har aka ga waɗansu da tutar Rasha. Mu ba mu goyi bayan ɗaga tutar kowa ba, kuma muna jin yawancinsu ba su san me ke cikin Rasha ba. Yaro ne ya rasa tutar da zai kira tasa a gida. Me mahukunta su ka yi? A watan Nuwamba su ka kai yara ƙanana kotu a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, har waɗansu su ka faɗi a gaban alƙali, sai da duniya ta yi ca sa'an nan aka sake su.

Za su ce ai an buɗe wa samari ƙofa. I, a 2018 an rage shekarun takara: Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, Majalisar Wakilai da ta Jiha daga 30 zuwa 25. Amma a 2022 takardar neman takarar Majalisar Wakilai a APC Naira miliyan 10 ce, alhali mafi ƙanƙantar albashi Naira 30,000 ne a wata. Ko an rage wa saurayi rabi, sai ya tara albashin kusan shekara 14 bai ci bai sha ba. An buɗe ƙofa, an ɗaure kare a bakinta. Duk da haka a Nguru, a 2023, wani saurayi ya ka da Shugaban Majalisar Dokokin Yobe, wanda ya daɗe bisa kujera. Ashe ana iyawa.

Saboda haka muna kira ga dattawanmu na rassa da shugabannin kasuwa: ku daina tambayar yaro ɗan wace jam'iyya ne kafin ku ba shi wurin zama. Ku tambaye shi abin da ke damunsa, in ya yarda da mu a abu uku ya saɓa a biyu, ku karɓi ukun, ku yi ta muhawara kan biyun. Kowane mai rumfa ya tambayi yaran shagonsa ko suna da katin zaɓe. Wanda ba shi da shi, ran da aka buɗe rajista a ba shi hutun yini guda da kuɗin mota, kada a yanke masa ko kwabo.