KWIKWIYO A KEJI, MALA'IKU A WAJE

 

'Yan'uwa matasa, wata sabuwar fitina ta shigo mana ta kafar wayoyin da ke aljihunmu, kuma da yake ta zo cikin rigar wasa da nishaɗi, kaɗan ne daga cikinmu suka ɗauke ta da muhimmanci. Fitinar kuwa ita ce ta sayo kwikwiyon kare ɗan ƙasar waje, a shigo da shi har uwar ɗaka, a saya masa keji na ƙarfe a girke kusa da gado, sannan saurayi ya duƙufa a kan YouTube da TikTok yana ɗaukar karatu wajen wani Bature ko Baturiya a kan yadda ake hana kwikwiyo fitsari a kan kafet. A da a gidajen manyan 'yan boko kawai ake jin irin wannan labari. Yau kuwa ya iso unguwanninmu, har cikin waɗanda muke haɗa sahu da su a masallaci, kuma abin takaici shi ne suna ganin hakan wayewa ce.

Don kada a ce mun soki abin da ba mu sani ba, bari mu faɗi karatun nasu kamar yadda suke koyar da shi. Sun lura cewa kare a ɗabi'arsa ba ya son ɓata wurin kwanansa. Saboda haka sai a sama masa keji daidai jikinsa, wanda zai iya miƙewa, ya juya, ya kwanta kawai, domin idan kejin ya yi faɗi zai mai da kusurwa ɗaya makwanci, ɗayar kuma masai. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku, don haka dole mai shi ya riƙa fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan ya yi wasa, da kuma tsakar dare. Kullum wuri ɗaya za a kai shi, in ya yi a can a yaba masa nan take a ba shi ɗan abin taunawa. In ya yi a ɗaki ba a dukansa, sai a wanke wurin da wani ruwan magani mai kashe wari, don kada ya shinshina ya maimaita. Suna cewa ana ɗaukar wata 4 zuwa 6 a kan haka, wani karen ma har shekara.

To, ba mu ce dabarar ba ta aiki ba. Tana aiki, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayarmu ita ce, matsalar wa aka ƙirƙiro ta don ta warware? Bature ne ya shigar da kare ɗakin kwanansa, a ƙasar sanyi, a gidan bene wanda sau da yawa ba shi da tsakar gida, mata da miji duk su fita aiki su kulle ƙofa. Da karen ya fara ɓata masa kafet yana yayyaga masa kujeru, sai ya nemo keji. Shi ya jawo ruwan, shi kuma ya nemi laima. A shekarar 2023 kaɗai mutanen Amurka sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobin da suke ajiyewa a gida don sha'awa, kuɗin da ya ninka kasafin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya na wannan shekarar fiye da sau biyu. Kasuwa ce babba, kuma kowace kasuwa neman sababbin masu saye take yi. Kai da Allah Ya ba tsakar gida da zaure da rana mai busar da komai, mene ne naka a ciki?

Ku dubi wani abin mamaki. Saurayin da mahaifinsa ya gaji da buga masa ƙofa don sallar Asuba, shi ne yau yake saita agogo ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare, ya tashi ba gunaguni, ya ɗauki kwikwiyo ya tsaya cikin sauro yana jira ya yi fitsari. Ashe dai ana iya tashi! Wanda bai taɓa haƙurin minti goma ba wajen biya wa ƙanensa Fatiha, shi ne yake haƙurin wata shida da ɗan kare, ba tsawa ba duka. Da rabin wannan juriya aka zuba a kan hadda, da tuni an wuce izu biyar.

Yanzu mu koma ga hukunci, domin mu ba da son rai muke magana ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa Mala'ika Jibrilu ya yi wa Manzon Allah (S.A.W) alkawarin zuwa a wani lokaci, lokacin ya yi bai zo ba, har abin ya dami Manzon Allah. Da aka duba sai ga kwikwiyo a ƙarƙashin gado, wanda ita kanta Nana A'isha ba ta san lokacin da ya shiga ba. Sai da aka fitar da shi sannan Jibrilu ya zo, ya kuma bayyana cewa karen ne ya hana shi, domin su ba sa shiga ɗakin da kare ko sura ke ciki. 'Yan'uwa, wannan ɗakin fiyayyen halitta ne, kwikwiyon kuma da kansa ya shige ba a sani ba. Ina ga wanda ya sa kuɗinsa ya sayo, ya kuma tanadar masa makwanci a gefen dardumarsa? Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa, a ruwayar Abdullahi ɗan Umar ma ƙiraɗi biyu. A kowace rana ke nan, har ranar da ya rabu da shi.

Nan take wani zai ce, ai a mazhabar Imam Malik kare mai rai tsarkakakke ne. Gaskiya ne, haka Malikiyya suka tafi a kai, kuma suna ɗaukar wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a cikinta a matsayin bin umarni kawai. Amma mai wannan hujja ya ɗauki rabin karatu ya gudu. Jikin kare da yawunsa ake magana. Fitsarinsa da kashinsa najasa ne a wajen Malikiyya kamar yadda suke a wajen sauran mazhabobi, kuma gaba ɗaya wannan horo da kuke yi a kan fitsari da kashi ne. Su kansu masu koyarwar sun ce dole a yi ta samun kuskure a ɗaki har tsawon watanni. Wanda ya karanta Ahalari ya san cewa in an san gurbin najasa sai a wanke shi, in kuwa ya rikice sai a wanke tufar duka. To kafet ɗin da ya mamaye ɗaki bango zuwa bango, wanda kwikwiyo ya ɗiga a nan ya ɗiga a can da dare, yaya za ka yi da shi? Ruwan maganin da aka sayar maka wari yake kashewa, alhali najasa ba ta gushewa a mazhabar da ka fake da ita sai da ruwa tsarkakakke. Sannan a nan za ka yi nafila, a nan mahaifiyarka za ta shimfiɗa sallaya in ta leƙo, a nan jaririn gidan zai yi rarrafe. Ita Risala kuma, littafin Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, ita ce ta hana ajiye kare a gidaje sai don gona ko kiwo ko farautar neman abinci, ta kuma kawo hanin cinikinsa.

Sai kuma shi kejin. A bidiyo ana nuna shi da katifa mai laushi a ɗaki mai sanyi, mai karen yana zaune kusa. Mu kuwa mun san yadda abin yake ƙarewa a nan. Bayan wata biyu ɗoki ya wuce, mutanen gida sun yi ƙorafi, sai a tura kejin bayan gida ƙarƙashin kwano. Saurayi ya fita tun safe sai bayan Isha'i. Ƙaton kare mai gashi kamar tunkiya, wanda asalinsa duwatsun Kokesas ne masu ƙanƙara, yana kwance cikin fitsarinsa a zafin watan Afrilu, ruwan shansa ya ƙare tun hantsi, yana haki yana kuka maƙwabta suna Allah ya isa. Ko a Turai ba kowa ya yarda da wannan keji ba. A ƙasar Siwidin doka ta hana kulle kare a keji a cikin gida, sai don larura irin ta tafiya. Kafin Siwidin da ƙarnoni masu yawa, Manzon Allah (S.A.W) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Wanda ya yi haka da kare ya haɗa asara biyu, ladansa yana raguwa, ga kuma haƙƙin dabba a wuyansa.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan rubutu ya mai da shi lasisin jifa. Akwai samarin da suke ganin rotse kan kare da dutse ko ɗaura masa gwangwani a wutsiya wani nau'in kishin addini ne. Wallahi jahilci ne. Allah Ya gafarta wa mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, kamar yadda Abu Huraira ya ruwaito. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo mana, wato horar da kare don aiki abu ne da Alƙur'ani da kansa ya ambata. Mafarautanmu da Fulani makiyaya sun daɗe suna horar da karnuka ba tare da keji ko bidiyo ba, kuma ba su taɓa kwana da su a gado ɗaya ba. Karen As'habul Kahfi ma a bakin kogo aka ambace shi yana kwance.

Mun san halin tsaro da ake ciki, kuma ba za mu rufe ido a kansa ba. Malamai irin su Imam Nawawi sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da garke. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Saboda haka wanda yake bayan gari, ko yake da garke ko gona ko rumbu, buƙatarsa ta gaskiya ce, ya ajiye. Amma ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah, gadin ne ya sa shi ko hoton da zai ɗora a Facebook? Wannan ɗan mitsitsin farin kare mai gashi har ido da ake rungumewa a mota, wane ɓarawo zai kora?

In buƙatar ta tabbata, wurin kare waje ne. A yi masa rumfa mai inuwa da iska kusa da ƙofa ko bayan gida, da filin da zai motsa, da kwanonsa na ci da na sha daban da na mutanen gida, ruwa kuma kada ya yanke. Abin amfanin da ke cikin karatun Turawan a ɗauke shi: a saba masa da kusurwa guda mai yashi nesa da rijiya da madafa da wurin alwala, a riƙa kai shi can bayan ya ci ko ya farka, a kwashe kullum, a bar duka.

Abin da masu bidiyon ba su cika damuwa da shi ba, saboda su sun riga sun shawo kansa a ƙasashensu, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Duk mai kare ya kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar riga-kafi tun yana wata 3, ya kuma riƙa sabuntawa kamar yadda likitan ya tsara masa. In kuwa kare ya ciji yaro ko ya yaƙushe shi, ko da kwikwiyon gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.