Kiwo a Cikin Gida: Idon Kifi Ba Ya Fari Banza

  A wannan fitowa za mu bar garke da akurki mu shiga falo, saboda wata wasiƙa da wani magidanci ya aiko mana daga unguwar Aboabo a nan Kumasi. Ya ce ɗansa ya daɗe yana tara kuɗi har ya sayi kifayen ado guda biyar, irin waɗanda ake kira diskus, ya zuba su a tankin gilashi. Ba a yi wata biyu ba sai idon ɗaya ya yi fari kamar mai hakiya, wani kuma ya yi baƙi, ya koma lungu ya daina cin abinci. Aka ba su shawara su fasa kafso su zuba a ruwan. Suka zuba, bayan kwana uku kifi biyu suka mutu. Tambayarsa ita ce, wane magani zai saya domin ya ceci ukun da suka rage?

Amsarmu gare ka, Alhaji, ita ce kada ka sayi kome tukuna. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to haka idon kifi ba ya fari banza, kuma mafi yawan lokaci dalilin yana cikin ruwan da kifin yake zaune. Wanda ya fara da magani kafin ya binciki ruwa, sau da yawa asara biyu yake yi, ta kuɗin magani da ta kifi.

Baƙo ne daga nesa

Asalin wannan kifi kogin Amazon ne da rassansa, a ƙasashen Barazil da Peru da Kolambiya. Wani masani mai suna Johann Jacob Heckel shi ne ya fara bayyana shi a rubuce a Biyana cikin 1840. Jikinsa a kewaye yake kamar faifai, faɗinsa kan kai santimita 15 ko fiye, kuma idan ya sami kulawa yakan yi shekara 10. Danginsu ɗaya da karfasar da muke ci da banku. Yawancin waɗanda ake sayarwa a yau a gonakin kifi na Malesiya da Tailan da makamantansu ake ƙyanƙyashe su, amma har yanzu jikinsu ruwan gida yake nema, wato mai ɗumi tsakanin digiri 28 da 30, mai tsabta ƙwarai, wanda ba ya sauyawa farat ɗaya.

Dalilin da ya sa ido yake saurin nuna alama shi ne kifi ba shi da fatar ido. Ba ya ƙyaftawa, ba ya hawaye, dare da rana idonsa a buɗe yake cikin ruwa. Duk abin da ya gurɓata ruwan, ido yana cikin waɗanda yake fara taɓawa.

Ido ɗaya ne ko biyu?

Wannan ita ce tambayar farko. Idan ido ɗaya kaɗai ya yi hazo ko ya kumbura, alhali kifin yana cin abinci yana iyo da 'yan'uwansa, galibi rauni ne. Diskus kifi ne mai saurin firgita. Kunna fitila kwatsam cikin duhu, ko yaro ya buga gilashi, ya isa ya sa shi ya zabura ya gogi dutse ko icen da ke cikin tanki. Faɗan neman girma a tsakaninsu da ragar kamu su ma suna jawo haka. Irin wannan yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu muddin ruwa yana da tsabta.

Idan idanu biyu ne suka yi hazo, musamman ma in kifi fiye da ɗaya ne, to a tuhumi ruwa. Idan kuwa idanun biyu sun turo waje, ciki ya kumbura, ɓawon jiki ya tashi tsaye, wannan alama ce cewa ƙwayoyin bakteriya sun shiga jini ko ƙoda ta gaza, ruwa yana taruwa a bayan ido. Irin wannan yana da wuyar warkewa, kuma dole a ware kifin nan take. Akwai kuma wanda za a ga ƙananan kumfa a cikin idonsa ko a fukafukan iyonsa. Wannan yakan faru idan an zuba ruwan famfo kai tsaye lokacin da ya dawo da ƙarfi, cike da iska, bayan an ɗauke shi.

Ido yana da wani labarin kuma tun a wurin saye. Idan ka ga ƙaramin diskus mai manyan idanu da suka fi ƙarfin jikinsa, ka sani tsumburarre ne, ya sha yunwa ko ƙazamin ruwa yana ƙarami. Jiki ya tsaya, ido ya ci gaba da girma. Irin wannan ba zai kai girman 'yan'uwansa ba, kome arahar sa a bar shi.

Sauran alamomin jiki

Bayan ido sai a dubi launi da kashi da numfashi. Kifin da ya yi baƙi, ya tsuke fukafukansa, ya maƙale a lungu, yana cikin wahala, ko da yake wannan kaɗai bai faɗi sunan cutar ba. Idan aka haɗa da ƙin cin abinci da farin kashi mai yauƙi kamar zare, to ana zargin wasu ƙananan halittu da ke zama a hanji, waɗanda masana ke kira Spironucleus ko Hexamita. In abin ya daɗe, goshin kifin kan rame ya zama kamar kaifin wuƙa, wani lokaci har ƙananan ramuka su fito a kansa. Maganin da aka sani shi ne metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl.

Idan kifi yana haki, ko yana numfashi da ɓangare ɗaya na kumatunsa ya rufe ɗayan, yana kuma goga jikinsa da duwatsu, ana zargin ƙananan tsutsotsi a jan naman da yake numfashi da shi. Maganinsu praziquantel ne, shi dai wanda ake ba masu tsargiya. Fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki wata cuta ce dabam, wadda ta fi kama kifi bayan ruwa ya yi sanyi. Mun ambaci sunayen magungunan nan ne domin a ga cewa kowace cuta da nata. Awon da za a zuba kuwa ya danganta da litar ruwan tanki, don haka a nemi likitan dabbobi ko jami'an Hukumar Kula da Kamun Kifi ta Gana. A jami'ar KNUST ma akwai makarantar likitancin dabbobi da sashen nazarin kifi.

Abokan gaba huɗu a gidajenmu

Na farko kulorin. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma ana sa masa kulorin domin lafiyarmu, amma ga kifi guba ce mai ƙona ido da wurin numfashi. A tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. Ruwan rijiya ba shi da kulorin, sai dai a unguwanni masu cunkoso ƙazantar masai kan tsiyaya cikinsa, saboda haka sai an auna.

Na biyu ɗaukewar wuta. Duk wanda ya ga dumsor na 2015 ya san abin da muke nufi. A cikin soson na'urar tace ruwa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne suke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Idan na'urar ta tsaya na sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa, amoniya ta hau. Su ne kuma kafson da aka fasa yake iya kashewa, don haka ba mamaki abin da ya ƙarasa kifayen ɗanka ke nan, Alhaji. A tanadi ƙaramin injin busa iska mai batir, a daina ba da abinci har wuta ta dawo, kuma kada a wanke soson da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Na uku sanyi. A hunturun Disamba da Janairu, da kuma sanyin Yuli da Agusta, daren Kumasi yakan sauka zuwa digiri 22 ko ƙasa da haka. A wurinmu daɗin barci ne, a wurin diskus kuwa farkon ciwo. Hita da ma'aunin zafi wajibi ne.

Na huɗu yana hannun uwargida da yara. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa suna ɗauke da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa yake kashe kifi. Kafin a fesa a rufe tanki, a kashe injin iska har ɗakin ya sha iska. Bokitin wanki da hannu mai sabulu ko man shafawa kada su kusanci ruwan.

Abin yi a wannan mako

A sayi kayan awon ruwa. Amoniya da naitirait su kasance sifiri, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 20 a lita. A canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowace rana har mako guda, da ruwan da ya kwana, mai ɗumi daidai da na tanki. A zuƙe kashi da ragowar abinci daga ƙasa. A tabbata kowane babban kifi yana da kimanin lita 40. Idan bayan kwana uku zuwa biyar babu sauƙi, sai a ɗauki hoton kifin da sakamakon awon a kai wa masani. Duk sabon kifin da za a sayo nan gaba ya yi mako huɗu zuwa shida a tanki dabam kafin a haɗa shi da na gida.

Wannan magana ta killacewa ta wuce falo. Daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba 2018 gwamnatin Gana ta hana shigo da kifayen ado da karfasa saboda tsoron wata cutar karfasa da ta ɓulla a wasu ƙasashe. A ƙarshen shekarar da cikin 2019 kuma wata ƙwayar cuta mai suna ISKNV, wadda dama an san ta a jikin kifayen ado, ta hallaka karfasa mai ɗimbin yawa a gonakin tafkin Volta, masu kiwo suka tafka asara. Saboda haka kada a jefa mataccen kifi ko mai ciwo a kwata ko a rafin Subin ko na Aboabo, a binne shi. Balle kuma a saki kifin ado a tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 daga Kumasi, inda akwai wani ɗan'uwan karfasa da ba a samun sa ko'ina a duniya sai can.

Sa'an nan a kula da yara. Akwai wata ƙwayar cuta, dangin mai kawo tarin fuka, wadda kan bi yanka ko ƙujewa a hannu ta haifar da ƙurji mai daɗewa. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi a tanki, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

Dabbar da muka tsare a gilashi ba ta da ikon neman wani ruwan, amana ce a wuyan wanda ya tsare ta. Ka ce wa yaron, Alhaji, kada ya karaya. Ya riƙa tsayawa minti biyar kowace safiya kafin ya tafi makaranta, ya dubi ido da launi da numfashi da ma'aunin zafi, ya rubuta abin da ya gani a ɗan littafi. Muna jiran wasiƙarku ta biyu mu ji yadda ukun nan suka kwana. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, a huta lafiya.