Muƙalar Mako: Kafin mu sayi na'urar duba mota, mu fara duba motar



Duk mai mota a Kaoje ya san fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, wadda direbobi ke kira cek. In ta kunna, ɗayan uku muke yi: mu liƙe ta da salatif mu ci gaba da tafiya, ko mu cire kan batir ta mutu na ɗan lokaci, ko mu ƙetare gadar Tuga mu nufi Koko ko Jega ko Birnin Kebbi a sa wa motar kwamfuta. Na ukun shi ne daidai, sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Shi ya sa matasanmu suka fara yin odar 'yar na'urar da ake kira OBD2. Muna goyon bayan haka, amma kada mu sayi kura da fatar akuya.

Tambayar farko ita ce: wace shekara aka ƙera motarka, kuma don wace ƙasa? Amurka ta wajabta wannan tsari tun 1996, saboda haka Camry da Corolla da Sienna 'yan Amurka na daga wannan shekara zuwa sama suna amsa kowace na'ura. Turai ba ta wajabta nata ba sai 2001 ga masu fetur, masu gas kuma 2004. Mu kuwa da ke bakin iyakar Benin, yawancin tsofaffin motocinmu 'yan Kwatano ne da suka fito daga Turai. Golf 3 da tsohuwar Peugeot 406 suna iya samun soket mai ramuka 16 kamar na sauran, amma ka jona ƙaramar na'ura ta ƙi karanta komai. Ba lalacewa ta yi ba, yarensu ne ba ɗaya ba. Don haka a ari ta wani a gwada a motar tukuna kafin a fitar da ko sisi.

Na'urorin kashi uku ne. Akwai ƙaramar nan irin ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai cika tanki ba, amma jabunta sun yi yawa, wasu ba sa aiki da iPhone, kuma in aka bar ta a jone motar na ajiye tana iya shanye batir. Akwai ta hannu mai allonta, wadda ba ruwanta da waya ko data. Sai babba ta gareji, irin na Autel da Launch, mai shiga birkin ABS da jakar iska, inda ƙananan galibi ba sa kaiwa. A ra'ayinmu, mai mota ɗaya ta hannu ta ishe shi, muddin tana abu uku: karanta lambar matsala, nuna abin da inji ke yi yana cikin aiki, da nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta.

Inda muka fi yin asara shi ne wajen fassara. Lambar da na'ura ta nuna alamar ciwo ce, ba sunan kayan da za a sayo ba. Wani direba daga cikinmu ya ga P0171, aka ce masa sansa ce, ya sayo sabuwa, kafin ya iso gida fitilar ta dawo. Ashe wani ɗan tiyo ne ya tsage yana zuƙo iska. Abin da lambar ke cewa kawai shi ne iska ta rinjayi mai, kuma tiyo ko toshewar matatar mai ko raunin famfo duk suna jawo haka, balle mu da muke shan man bumburutu a galan, ga ƙurar hanya. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Ko filogi ne, ko koyil, ko nozul. P0128 kan fito a motar da aka cire wa tamostat wai don kada ta yi zafi, alhali injin da bai ɗumama ba ya fi shan mai. P0420 kuwa sau da yawa tona asiri take yi, cewa an kwashe indomin salansa. In kuma fitilar tana ƙyaftawa, ba tsayawa ta yi cak ba, a nemi gefe a tsaya.

Sai batun gogewa. Kowace na'ura tana da maɓallin goge lamba, kuma shi ne ya fi ruɗin mutane. Goge lamba ba gyara ba ne, rufe tukunya ne da wuta na ci a ƙasa. A rubuta lambar a takarda, a gyara, sannan a goge. Wasu masu sayar da mota sun san wannan dabara. In za ka sayi mota, ka jona na'ura ka ga babu lamba ko ɗaya amma gwaje-gwajen motar duk ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Ka nemi a zagaya da ita sosai, a sake dubawa. Wannan kaɗai ya biya kuɗin na'urar.

Wasu za su ce muna son raba makanikai da abincinsu. Ko kusa. Makanikin da ya shekara ashirin yana sauraren inji ya san abin da allo ba zai faɗa ba. Abin da muke so shi ne a daina "canza wannan mu gani", domin aljihun mai mota ne ke biyan kuɗin gwajin. Shawararmu ga ƙungiyar direbobi da masu gareji a Kaoje da Tsamiya da Bagudo: a haɗa kuɗi a sayi babba guda, a tura yaro ɗaya mai karatu ya koyi aikinta, a riƙa biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.