Mai hoto, jakarka kada ta tona maka asiri

Matasanmu da suka rungumi sana'ar hoto, daga Nima zuwa Aboabo ta Kumasi, hankalinsu duk yana kan kyamara da gilashinta. Yaro zai yi adashen shekara, ya haɗa da abin da yayansa ya aiko daga Jamus, ya sayi Canon ko Nikon. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ya jefa ta cikin jakar makarantar ƙaninsa, ko ya sayi wata ƙatuwar jaka mai tambarin kamfanin kyamara ɓaro-ɓaro a bayanta. Ni a ganina duk biyun ganganci ne, na biyun ma ya fi.

Jakar goyon da ta dace da mai yawon ɗaukar hoto ita ce wadda ba wanda zai kalle ta sau biyu. Na san abin da samari ke cewa, wai jaka mai suna ita ke jawo ciniki, mutane su san ƙwararre ne ya iso. To, a wajen biki kyamarar tana hannunka, kowa ya gani. Amma a cunkoson Kejetia, ko a Circle da magariba, wa kake yi wa talla? Ɓarawo ma ya iya karatu. Shi ya sa na fi son jaka baƙa ko mai ruwan toka, wadda babban zif ɗinta yake ta ɓangaren da ke manne da bayanka. Muddin tana goye, ba mai buɗe ta sai ya sauke ka tukuna.

Sai girma. Daga Accra zuwa Tamale tafiya ce ta fiye da kilomita 600, sau da yawa kwana ake yi a hanya. Idan jakarka ta fi ƙarfin cinyarka, yaron mota zai ce a sa ta a but tare da buhunan doya, kuma ba ka da ta cewa. Kyamara ɗaya, gilashi biyu, batir da caja, sai riga guda: abin da ya wuce wannan nauyi ne kawai. Mai shirin Umara ma ya tuna jirage da yawa kilo 7 suke yarda a shiga da shi a hannu, kuma batiran ajiya dole su kasance a jakar hannu. Jakar da ita kanta ta yi kilo 2 ta riga ta cinye maka rabo.

Ƙasar nan yanayi biyu gare ta, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Wanda ya je ɗaukar tsohon masallacin Larabanga ko giwayen gandun dajin Mole a watan Janairu ya san ƙurar hunturu, ba ta neman izini, ta kowace kafa take shiga. A kudu kuwa danshi ne abokin gaba, musamman a ruwan Mayu da Yuni. Shi ke sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi, kuma gyaranta ba arha. Don haka a nemi jaka mai rigar ruwa, mai zif da aka rufe bakinsa, a kuma jefa ƙananan ƙunsoshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Akwai abin da masu ƙera jakunkunan nan ba su yi tunaninmu a kai ba. Mota ta tsaya, an sauka sallah, wajen alwala duk a jiƙe. Ina za ka ajiye jakar? Dole gindinta ya zama mai kauri, wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma ta iya tsayawa da kanta a gabanka har ka sallame. Gorar ruwa kuma aljihun gefe ne wurinta, kada ta kwana ɗaki ɗaya da kyamara.

Ba sai sabuwa ba. A gwanjon Kantamanto akan dace da Lowepro mai kyau. Ka ja zif ɗin sau goma, ka duba ɗinkin da ya riƙe madaurin kafaɗa, ka matsa soson ciki ka ga ko yana dawowa. Ka tafi da kyamararka ka gwada ta a ciki, ka goya, ka ɗan zagaya, ko mai kaya zai yi tsaki.

Katin da hotunan ke ciki kuwa, wannan ba na jaka ba ne sam. Kyamara in ta ɓata dukiyarka ce, kana iya sake wani adashen. Hotunan ɗaurin auren 'yar mutane amana ce, kuma ba za a sake taron don kai ba. Da ka gama aiki, cire katin ka sa a aljihun gaban rigarka kafin ka nufi tasha.